Hular Baballe a Ƙasan Rumbu

Ai gaskiya ne, Yaya Hansatu, ba ƙarya aka kai muku ba, ya dawo! Ga shi nan a cinyata yana jan bakin ɗankwalina, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ki rabu da zancen 'yan kasuwa, wai kura ce, wai ɓarayin yara ne. Ni zan gaya miki yadda aka yi, don daga bakin surukata na ji, Inna mai daddawa, kin kuwa san ta, ba ta ƙara gishiri sai a miya.

Kin san sunan kakansa aka sa wa yaron nan, marigayi mijin Inna. To ni ga ɗan fari ga sunan suruki, bakina bai isa ba. Babansa ba ya kama sunan ubansa. Inna kuwa tun tana amarya har mutumin nan ya koma ga Mahaliccinsa ba ta taɓa buɗe baki ta kira sunansa ba, daga "Malam" sai "shi". Shi ya sa gida duka aka koma kiran yaro Baballe. Ni kuma da ɗan bokon da na taɓa, na ce bari in nuna ba a banza na zauna a aji ba. Na saƙa masa jar hula da kwarashi, na jera BABALLE da farin zare a goshinta. Inna ta juya hula ta juya, ta ce, "Waɗannan tsutsotsin fa?" Na ce sunan angonki ne. Ta ce, "Ango da tsutsa a goshi, ni na ga ta kaina."

Ranar da abin ya faru, rana tsaka ce, maza duk suna gona. Ina wanke-wanke, yaro yana zaune a tabarma gindin tsohon rumbun nan na bayan gida. Sai ga guguwa 'yar siririya ta shigo ta zaure, ta zagaya tsakar gida, ta tsaya cak a gaban yaro kamar mai karatu. Kafin in miƙe ta sunkuce shi, ta yi sama, ta faɗa rumbu ta baki. Ni ihu ɗaya na yi na zube.

Inna ba ta yi ihu ba. Ta ɗaure zani tamau, ta soke ƙullin yajinta a ƙugu, ta ɗauki sandarta, ta jingina tsani, ta hau da gwiwar nan tata da ko bakin rijiya ba ta kai ta sai da hutu. Abin da na ji ta ce kawai shi ne, "Wace mara kunya ce za ta ɗauke mini miji ina zaune?" Ta yi bisimilla ta faɗa.

Ashe rumbun nan ba shi da ƙasa. Inna ta yi ta gangarawa cikin ƙaiƙayi mai ƙyalli kamar ruwan zinariya, har ta dira a kan wani tudu. Da ta duba, tudun duk na abin da ya ɓace wa mutane ne: warin ɗankunne, warin takalmi, maɓallai, murfin kwano, makullai, har wani ludayinta ta gani wanda ta taɓa yi wa maƙwabciya zargi a kansa. Mutanen wurin ba su fi muciya tsawo ba, yatsunsu na jan ƙasa, idanunsu kuma a ƙarƙashin haɓa suke, don ba sa duban komai sai ƙasa. Suka kewaye ta, suka kai ta gaban sarkinsu yana zaune kan tarin zobba.

Sarki ya tanƙwara wuya baya don ya gan ta, ya ce, "Ya ke 'yar Adam mai ƙamshin daddawa, wa ya yar da ke har kika faɗo ƙasar Matsinta?"

Inna ta durƙusa da ƙyar, ta ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya yar da ni, da ƙafata na zo. Angona na biyo, ɗan yaro mai jar hula. An ɗauke shi a gaban uwarsa."

"Mun san shi. Manzonmu, guguwar nan, bai yi sata ba, ya tsaya ya karanta goshinsa tukuna. A harshenmu, baballe shi ne: an yar, mai so ya ɗauka."

"A naku ke nan. A namu suna ne, kuma ba mu yar ba."

Fada ta ɗauki gunaguni. Sarki ya ce, "In haka ne an yi kuskure, amma ba ya hannunmu. Mutanen Fako sun zo wucewa, da suka ga goshinsa sai suka zube ƙasa suna kaɗa kai, suka tafi da shi. Mu abin tsintuwa ba ma hana shi. Ga ƙofar da suka bi can, sai dai ba ta buɗewa sai da ɗayan biyu. Ko ki faɗi sunan yankan wanda kike nema, ko ki yar da abin da ba kya iya tafiya sai da shi."

Inna ta sunkuyar da kai, ta ce, "Sunan nan ya fi ƙarfin bakina, ranka ya daɗe." Ta dubi sandarta, ta ce, "Ke dai ai ice ce." Ta sake ta. Kafin ta taɓa ƙasa yatsu goma sun cafe, ƙofa ta buɗe.

Ta shiga tana ɗingishi. In gwiwa ta ƙi sai ta dafa da hannu, in hannu ya gaji sai ta ja gindi. Ta ratsa wani daji da itatuwansa suke tafiya suna musayar wuri, ta wuce wata kasuwa da ba kowa cikinta sai inuwoyi suna ta ciniki. Can ta iso bakin kogi, amma ba ruwa ke gudu a ciki ba, tsakuwa ce zalla tana ƙara kamar ana niƙa. Mai fito a wurin wani dogo ne mai ƙafafun zalɓe, ya sa ta a kafaɗa, ya shiga. Da suka kai tsakiya, Inna ta ga bawan Allah yana haki, ta ce da shi irin ta mutanen kirki, "Sannu." Sai kawai ya sunkuya ya dire ta a tsakiyar kogi.

Ta ce, "Kai, me na yi maka?"

Ya ce, "Ke kika ce sannu. A bakinmu shi ne: sauke ni nan. Mu kuma ba ma ɗaukar mutum sau biyu." Ya juya abinsa.

Yaya, haka tsohuwar nan ta ƙarasa kogin da rarrafe, tsakuwa na dukan ƙaurinta, tana cewa a ranta, yau ga ƙasar da gaisuwa take jawo duka. Daga nan ba ta ƙara gaida kowa ba.

A ƙetare birnin Fako yake. Mutanensa da yumɓu aka yi su, duk sun tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, in suna magana gari na zuba daga bakinsu. Ko'ina tukwane ne a jere, baki a sama, ba ɗigo a ciki. A tsakiyar gari ga wani ƙaton akushi, kewayensa ɗan tsiro kore shar, shi kaɗai ne kore a ƙasar. Magajiyarsu tana tsaye a kansa.

"Ya ke mai jiƙaƙƙen jiki, me ya kawo ki ƙasar da ba a zufa?"

"Yaro mai jar hula."

Magajiya ta dafa ƙirji har wani ɓangare ya ɓantare. Ta ce, "Baballe! A harshenmu shi ne idon ruwa. Kakanninmu sun ce zai zo, ya kuwa zo da sunansa a goshi. Mun zaunar da shi cikin akushin nan, duk hawayen da ya ɗiga sai tsiro ya fito. In ya yi shiru sai mu buga tukwane a kunnensa."

Inna ta ce nan ne ta ji da sandarta tana hannunta, da an kwashi Magajiya a tsintsiya. Ta ce, "Kuka sa jariri kuka don ku yi noma? Yana ina?"

"Ya ƙafe. Mun buga mun buga, ko motsi. Sai Uwar Goyo ta miƙo hannu ta saman ganuwa ta ɗauke shi. Hanyarta ta bayan akushi ce, amma ba ki wucewa sai kin faɗi sunan yankansa, ko ki cika mana ludayin nan da abin da ya hana mu."

Ki tuna fa, Inna ko ranar rasuwar mijinta ba wanda ya ga hawayenta, a ɗaka ta yi abinta. Ta matsa ido ta matsa, ko alama. Lokaci kuma na tafiya. Sai ta kwance ƙullin yajin nan na ƙugunta, mai barkonon da ko a tuwo sai da dabara, ta dangwala da yatsu biyu ta goga a idanunta. Wayyo! Ta ce sai da ta ga taurari da rana. Hawaye ya ɓalle, ludayi ya cika har ya tumbatsa, mutanen yumɓu suka hau turereniya suna tara hannu a ƙarƙashin haɓarta. Ita dai ta laluba bayan akushi ta wuce, idanu sun kumbura suntum, ba ta ganin komai sai hazo-hazo.

Sai ta ji sanyi ya sauko mata. Ƙasa ta koma laushi kamar ana taka auduga, ga wani rarrashi yana tashi ta ko'ina, irin wanda yake sa babba ma ya ji hamma. Inna ta ciji leɓe don kada barci ya ɗauke ta. Ta ɗaga kai, ta ga abu tsaye kamar rimi, ashe mace ce. Bayanta ya kai faɗin katanga, an jera goyo a kai sahu-sahu, 'ya'yan mutane, 'ya'yan aljanu, har da 'yan awaki, kowa na barci yana murmushi. A hannunta na hagu kuma Inna ta hango ɗan ɗigon ja. Hular ce.

Muryar matar ta sauko a hankali. "Ya ke tsohuwa mai jini a gwiwa, zo in goya ki, kin gaji."

Inna ta ce, "Na gode, uwar ɗakina, na wuce goyo. Wancan na hannunki na zo karɓa."

"Wannan nawa ne. An rubuta a goshinsa da harshena: baballe, ba shi da kowa. Na tsince shi cikin akushi ya yi kuka har muryarsa ta mutu, ba wanda ya zo. Yanzu zan ba shi nono. Duk wanda ya kama nonona ba ya ƙara kuka, ba ya ƙara girma, ba ya ƙara tuna ƙofar gidansu. Tun ɗazu yake kau da kai, amma yunwa ta kusa gama rarrashinsa."

"Yana da kowa! Uwarsa na can nono na zuba a riga, ubansa na gona, ni kakarsa ga ni. Hular nan uwarsa ce ta saƙa ta da hannunta, sunan da muke kiransa ne a gida."

"Haka kika ce. Matsinta sun ce wani abu, na Fako sun ce wani, ni ma na karanta nawa. Hular nan kowa ya tambaye ta sai ta ba shi amsar da yake so, ba za ta yi shaida a gabana ba." Ta sa yatsa biyu ta zare hular, ta sake ta, iska ta yi gaba da ita. "Ga shi ba rubutu. In naki ne, kira shi."

Inna ta tattara murya. "Baballe! Angona! Maigida, tashi ga amaryarka ta zo da ƙafa!"

Ko gezau. Kansa ya langaɓe, bakinsa ya fara laluba.

Uwar Goyo ta ce, "Wannan sunan ya sha hannu yau, ya gaji da jin sa. Akwai wanda aka raɗa masa a kunnen dama ranar da ya zo duniya. Yana nan kwance a ciki, ba wanda ya ƙara taɓa shi. Shi kaɗai zai tashe shi."

Inna ta zube gwiwa biyu. Ta ce, "Ki karɓi idanun nan, sauran kaɗan ne amma suna gani."

"Ba na so."

"Ki karɓi sauran kwanana. Ko ki riƙe ni nan in riƙa taya ki goyo har ƙarshen duniya, bayana bai mutu ba."

"Tsohuwa, waɗanda kika baro a baya mabuƙata ne, shi ya sa suka yi musaya da ke. Ni ba na buƙatar komai. Tausayinsa nake ji, ba kuwa zan ba da shi ga wadda ko sunansa ba ta sani ba."

Ba ta sani ba! Inna ta ce wannan maganar ta fi barkonon zafi. Ita da sunan nan ya kwana ya tashi a ƙirjinta tun gashinta yana baƙi. Ɗan maƙwabta mai irin sunan, har ya yi gemu "mai sunan Malam" take ce masa. Ranar da aka kwantar da Malam a asibiti aka ce ta faɗi sunansa a rubuta, sai da ta aika aka kira ƙanensa. Ranar da yake barin duniya, kansa na cinyarta, "Malam, Malam" ta yi ta kira har ya yi shiru. Ba ta kai masa dukiya ba, ba ta iya daɗin baki ba, wannan girman shi ne abin da ta ba shi, kuma ta yi niyyar ta shiga kabari da shi cif, bai ɓantare ba.

Ta ɗaga kumburarrun idanu. Leɓen yaro ya buɗe, saura ƙiris.

Sai Inna ta kau da fuska gefe, ta jawo bakin ɗankwali ta rufe rabin fuskarta kamar amarya, ta ce, "Malam, ka yafe mini." Ta faɗe shi can ƙasa-ƙasa.

Uwar Goyo ta ce, "Iska ce ta wuce?"

Inna ta yaye ɗankwalin. Ta dafa ƙasa ta miƙe tsaye a kan gwiwar da ta ƙi ta tun ɗazu, ta buɗe baki ta ƙwala sunan nan da muryar da take kiran masu sayen daddawa daga ƙarshen kasuwa. Kada ki sa ran zan rubuta miki shi, Yaya, ni ban kai Inna ba. Amma ta ce da ya fita, rarrashin nan ya tsaya cak, goyon da ke bayan matar duk suka buɗe ido. Yaron ya zabura kamar an yayyafa masa ruwa, ya juyo, ya ga tsohuwa fuska duk yaji da majina, ya tsala ihu ya miƙa mata hannu biyu.

Uwar Goyo ta daɗe tana dubansa. Sannan ta sunkuyo, ta sa shi a ƙirjin Inna da kanta, ta ce, "Ashe yana da kowa." Ta kwance majanyi guda daga nata ta ɗaura mata shi a baya, ta ɗora su a tafin hannu, ta yi ta miƙawa sama, ta yi ta miƙawa, har Inna ta ji kanta ya bugi jinka.

Mu a nan la'asar ta yi, maza sun dawo sun fasa cikin rumbu ba su ga komai ba sai ƙaiƙayi, har sun janye tsanin, ni an riƙe ni mutum biyu. Sai muka ji daga sama ana cewa, "Ku da kuka tsaya kuna kallo, ba mai kawo tsani?" Yaya, ban san lokacin da na kai gindin rumbun nan ba! Babansa ya sauko da su, na fizge shi, ya kama nono kamar zai haɗiye ni, ina kuka ina dariya, mata na guɗa, har liman sai da ya share ido.

Inna kuwa tana ɗaka, an wanke mata idanu da madara, an ɗaure gwiwa. Jiya na kai mata kunu na durƙusa zan yi godiya, ta ce, "Ke tashi ki ba mijina nono, ya sha wuya, godiyarki ba ta ƙosar da shi." Da na ga ba kowa a ɗakin sai na yi ƙarfin hali, na ce, "Inna, da kika faɗa, yaya kika ji?"

Ta juya fuska bango. Can ta ce, "Ashe yana da daɗin faɗa."

Don Allah ki kai wa Mama labarin nan yau ɗin nan, ki biya ta gidan Gwaggo Lanti, da duk wanda ya aiko mana da jaje, ki ce ya dawo lafiya lau har ya ƙara ƙiba. Amma wannan ta ƙarshen da Inna ta faɗa mini, mata kawai za ki gaya wa, su ma a kunne.